Gyaran Tsohuwar Peugeot 504: Abin Da Za A Bari Da Abin Da Za A Canja

A gidaje da yawa na Kaduna da Kano da Zariya da Jos akwai tsohuwar Peugeot 504 da ke fake a gindin darbejiya ko a lungun gareji, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Sau da yawa motar mahaifi ce ko ta kaka. Wata rana sai wani matashi a gidan ya ga bidiyon yadda ake tayar da tsofaffin motoci a YouTube ko TikTok, ya ce shi ma zai tayar da ta Baba. Kafin a je ko'ina ya riga ya cika kwandon sayayyarsa na intanet da allon Android mai inci tara, da kyamarar baya, da fitilun LED masu canja launi, da manyan sifiku.

Darasin yau a kan abin da ya kamata wannan matashi ya sani ne kafin ya miƙa wa mai riwaya makulli. Babu laifi a son kayan zamani, kuma mota sai ta yi wa mai ita daɗi zai riƙa hawanta. Matsalar ita ce wasu daga cikin kayan nan ba sa shiga sai an yanke dashbod da giranda, kuma dashbod ɗin da aka yanke ba ya komawa yadda yake. Aikin minti goma zai iya ɓata abin da ya shekara arba'in lafiya lau. Ga duk canjin da za a yi, tambayar da za a fara yi ita ce: idan aka yi nadama, ana iya mayar da shi?

Wace mota ce 504?

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a nahiyar Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, da fitilun gaba masu kusurwa da but ɗin nan mai gangara wanda ake gane ta da shi daga nesa. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, tseren da ya yi suna wajen karya motoci. A shekarar ce kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot. Faransa ta daina yin 504 ƙirar salun a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Motar gwamnati ce, motar ma'aikata ce, kuma doguwarta ita ce ta riƙe tashoshin mota na tafiya tsakanin garuruwa shekara da shekaru. Fijo ke nan, kamar yadda kowa ke kiranta.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai gyara ta hanya ɗaya. Motar da aka shekara kusan arba'in ana yi a ƙasashe daban-daban ba ta da kama ɗaya. Dashbod da kujeru da sitiyari da fitilun baya na 504 ta ƙarshen shekarun 1970 sun bambanta da na ta shekarun 1990, kuma wadda aka harhaɗa a Kaduna ba lallai ta yi daidai da ta hotunan Faransa da ke intanet ba. Don haka idan an ce asali, ana nufin yadda ita wannan motar ta fito daga masana'anta. Wanda ya sauke hoton wata 504 daga Pinterest ya ce a mayar masa da tasa haka, shi ma canja ta yake yi, ko da yana ganin gyara yake.

Hanyoyi uku da masu tsofaffin motoci ke bi

Ta farko ita ce adanawa. Ana gyara injin da birki motar ta yi tafiya lafiya, amma a bar mata tsohon fentinta da kujerunta, har da ƙananan tabon da shekaru suka bari. A da ana raina irin wannan, yanzu darajarsa ta ƙaru ƙwarai. A 2024, a gasar nunin tsofaffin motoci ta Pebble Beach da ke Kalifoniya a Amurka, wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta mata jiki ba ce ta ɗauki babbar kyauta, kuma shi ne karon farko da mota daga rukunin adanawa ta yi haka.

Ta biyu ita ce maidowa. Ana kwance motar gaba ɗaya, a mayar da komai kamar ranar da ta fito daga masana'anta, da launinta da irin yadin kujerunta da irin rediyonta. Wannan ya fi cin kuɗi da lokaci, domin neman kayan asali shi ne rabin aikin.

Ta uku ita ce sabuntawa, abin da masu harkar ke kira restomod: jiki na da, ciki na zamani. Kamfanin Singer da ke Kalifoniya ya yi suna wajen yi wa tsofaffin Porsche 911 irin wannan aiki, kuma masu kuɗi na layi a kansa.

Yawancin matasan da suka gaji 504 ba za su bi ɗaya daga cikin ukun zalla ba. Suna son motar ta ci gaba da zama ta Baba, suna kuma son su ji waƙa daga wayarsu, su yi caji, su ga hanya da dare. Tsakanin nan ne ake buƙatar ma'auni. Ƙungiyar FIVA, wadda ke haɗa ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na duniya, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi idan an kula da ita a kan kamanninta. Kundin ƙa'idojinta da ake kira Yarjejeniyar Turin, wanda ya fara aiki a 2013, ya ƙarfafa abu biyu game da canje-canje: a rubuta duk abin da aka yi, kuma a yi shi ta yadda za a iya warwarewa in da hali.

Ma'aunin: a duba kayan aikin da mai gyara ya ɗauko

Mai amfani da wayar Android ya riga ya san wannan ma'auni ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Canja hoton fuskar waya ko saka sabuwar manhaja abu ne da ake gogewa cikin daƙiƙa biyu. Yi wa waya rutin ko filashin da wata babbar manhaja ya fi haɗari, amma wanda ya ajiye kwafin ta asali zai iya komawa. Shi kuwa wanda ya sa aka ƙona wani abu a kan allon lantarkin wayar, ba shi da maɓallin komawa. Masu rubuta manhaja ma haka suke aiki da Git: ba sa taɓa lambobin da ke aiki sai sun ajiye su, sannan su yi gwajinsu a wani reshe daban.

A mota, kayan aikin da ke hannun mai gyara su ne ke nuna matakin da ake:

1. Abin da ake sawa da hannu a cire da hannu. Cajar da ake soka wa a ramin kunna sigari, rigar kujera, shimfiɗar ƙafa, abin riƙe waya. Wannan a yi yadda ake so.

2. Abin da ke buƙatar sifana ko sukudireba, amma yana amfani da ramukan da motar ta zo da su. Rediyo, wili, sitiyari, kan fitila. Wannan ma ana iya yi, da sharaɗin a ajiye na asalin da aka cire.

3. Abin da ke buƙatar giranda, ko injin huda, ko walda, ko bindigar fenti, ko almakashin yanke waya. Nan ne ake tsayawa a kwana a kan shawara, domin daga nan babu komawa, ko kuma komawar ta fi aikin tsada.

Da zarar mai mota ya ga an jona giranda a wuta, lokacin tambaya ya yi.

Aikin waya kafin a kwance noti ko ɗaya

Kayan aikin da ya fi amfani a ranar farko yana aljihun matashin. A ɗauki hoton motar ta kowace fuska, ciki da waje da ƙarƙashi. A buɗe bonet a ɗauki yadda kowane tiyo da kowace waya suka bi, musamman bayan akwatin fiyus da bayan dashbod. A ɗauki lambar shasi da lambar injin, a gwada su da abin da ke cikin takardun motar. Idan sun yi daidai, motar na ɗauke da injin da ta zo da shi, kuma wannan yana daga cikin abubuwan farko da masu sayen tsofaffin motoci ke tambaya.

A buɗe fulda a Google Drive ko makamancinsa a zuba hotunan, kada a bar su a waya kaɗai, waya na faɗuwa ana kuma sace ta. A buɗe ɗan jadawali a rubuta kwanan wata, da abin da aka cire, da abin da aka saka, da kuɗinsa, da inda aka ajiye tsohon. Kowane noti da sukuru a zuba shi a leda a rubuta sunansa a jiki. Bayan wata shida babu wanda zai tuna inda ƙaramin ƙarfen nan ya fito, har da bakaniken da ya cire shi.

Ana gano launin asali a wuraren da rana ba ta kaiwa: ƙarƙashin kafet, cikin but, bayan murfin ƙofa. Ana kuma bin jikin motar da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, akwai fila, wato kwaɓin da masu gyaran jiki ke cike lotsa da shi, kuma alama ce ta tsohon haɗari ko tsatsa da aka rufe. Motar da ta yi rayuwarta a arewa takan tsira daga tsatsa fiye da ta bakin teku, amma rana kan fasa mata dashbod ta cinye yadin kujeru. Shi ya sa dashbod ɗin 504 da bai tsage ba yake da wuyar samu, kuma shi ya sa yanke shi ya zama asara babba.

Idan motar ta gado ce, akwai abin da ya riga duk wannan: a daidaita da sauran magada, a san ta zama ta wane, kafin a kashe mata sisi ko a canja mata kama.

Abin da dole a canja, ko da na asali ne

Akwai wuraren da riƙe tsohon abu ganganci ne. Duk wata roba da ke ɗauke da fetur ko man birki ko ruwan lagireto tana bushewa ta tsage da shekaru. Tiyon fetur da ya tsage a kusa da injin mai zafi shi ne mafarin gobarar tsofaffin motoci da yawa. A canja su duka da sababbi. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake son canja shi kusan duk shekara biyu, balle wanda ya shekara goma a zaune.

Taya ma tana da shekaru ko da zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019. Idan lambobi uku ne kacal, tun kafin 2000 aka yi ta, kuma ba ta da wurin zama a kan titi.

Bel ɗin kujera da ya zare, da shokazoba da ta mutu, da wayar lantarkin da rigarta ta fara marmashewa, duk a sabunta. A ajiye tukunyar kashe gobara inda hannun direba zai kai. Babu mai son tsohuwar mota da zai rage wa 504 daraja don an sa mata sabon tiyon birki.

Abin da ya kamata a bari

Waɗannan su ne fuskar motar: dashbod da agogunansa, sitiyari mai tambarin zaki, fitilun gaba, bamba, maɗaukan ƙofa, rubutun 504 na baya, da farantin masana'anta mai ɗauke da lambobi. Idan sun lalace a gyara su ko a nemo irinsu. A kasuwar Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas ana cin karo da kayan 504 da aka ciro daga motocin da aka yanka, kuma sashen kula da tarihin Peugeot da ke Sochaux a Faransa yana sayar da wasu kayan tsofaffin motocinsa. A je kasuwa da tsohon abin a hannu ko da hotonsa a waya tare da ma'auni, domin kayan shekaru daban-daban na kama da juna amma ba sa shiga.

Akwai kuma abubuwan da ba na masana'anta ba ne amma sun zama tarihin motar: tsohuwar sitikar wurin aikin Baba a gilashi, littafin sabis mai hatimi, rasit ɗin saye. Waɗannan ma asali ne ta wata fuskar, kuma ba a sayar da su a kowace kasuwa.

Kayan zamani, ɗaya bayan ɗaya

*Rediyo da waƙa.* Rediyon mota na zamani girma biyu ne. Ƙaramin, wanda ake kira DIN ɗaya, faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 50. Babban, DIN biyu, tsayinsa milimita 100 ne, kuma shi ne gidan yawancin allunan Android. Gurbin rediyon tsohuwar mota ba a yi shi don babban ba, shi ya sa ake kai wa ga yanka. Akwai mafita uku da ba sa buƙatar giranda. Ana iya saka rediyo ƙarami mai Bluetooth idan ya dace da gurbin, har akwai waɗanda aka yi musu fuska irin ta da. Ana iya barin tsohon rediyon a wurinsa, a ɓoye ƙaramar amfilifaya mai Bluetooth a ƙarƙashin kujera ko cikin aljihun dashbod, waya ta riƙa aika mata waƙa kai tsaye. Ko kuma a yi amfani da ɗan na'urar nan da ke karɓar sauti daga waya ta watsa shi a zangon FM, tsohon rediyon ya kama. Game da taswira kuwa, wayar da ke hannu ta fi yawancin allunan Android masu araha sauri da samun sabuntawa. Abin riƙe waya mai mannewa a gilashi ya wadatar.

Sifiku ma haka. Maimakon a huda murfin ƙofa ko allon bayan kujera, a haɗa musu ƙananan akwatunan katako a ajiye ƙarƙashin kujera. Wanda ya dage sai a allon baya, ya sa kafinta ya yanko masa wani allon daidai girmansa, a huda wancan, na asalin ya tafi ɗaki.

*Cajin waya.* Lantarkin motar bolt 12 ne, USB na yau da kullum bolt 5 yake bayarwa, don haka caja aikinta sauke wutar. Mai son soket na dindindin ya ɗaura shi a ƙarƙashin dashbod da noti da ke nan tun asali, ya ja masa wayarsa daban da fiyus ɗinsa. Lissafin mai sauƙi ne: a raba wat da bolt a sami amfiya. Caja mai wat 30 a kan bolt 12 tana jan amfiya biyu da rabi, fiyus mai amfiya 5 ya ishe ta. Fiyus yana kare waya ne daga ɗaukar zafi, don haka a sa shi kusa da inda aka ɗebo wutar. Ɗabi'ar feƙe rigar tsohuwar waya a murɗa sabuwa a kai a naɗe da salatif ita ce ke kashe lantarkin tsofaffin motoci, kuma ita ce ke tayar da hayaƙi a bayan dashbod.

*Fitilu.* Sau da yawa fitilar tsohuwar mota na dushewa ne saboda wutar na bin doguwar tsohuwar waya da tsohon makunni kafin ta iso. Ƙwai mai wat 55 yana jan sama da amfiya huɗu da rabi, biyu kuwa sun haura tara. Idan aka sa rile, wutar ta taho kai tsaye daga batir ta sabuwar waya mai kauri, tsohon makunnin ya koma ba da umarni kawai, haske na ƙaruwa ba tare da an canja kamannin fitilar ba. Akwai damin wayoyin da ake sayarwa a haɗe don wannan aiki, jonawa kawai ake yi. Ƙwan LED da aka cusa cikin tsohon gidan fitila kuwa yakan watsa haske ko'ina, ya kashe wa mai tahowa ido. A sigina ma LED na da tasa matsalar: tsohuwar filasha tana dogara ne da nauyin wutar ƙwai mai wat 21, idan nauyin ya ragu sai ƙiftawar ta rikice ko ta tsaya. Maganinsa a sa filasha ta lantarki, a ajiye tsohuwar.

*Na'urar bin sawu.* Tiraka mai GPS da layin waya tana ɓoyuwa, ba ta canja kamannin komai, kuma tana da amfani. Abin lura shi ne tana shan batir ko mota na kashe. A ɗauka wata na'ura na jan miliamfiya 50: a kwana ɗaya ta sha amfiya-awa 1.2, a wata guda 36, fiye da rabin batir mai 60. Motar da ake hawa lokacin biki kawai za ta riƙa wayar gari ba wuta. A duba abin da na'urar ke ja kafin a saya, ko a riƙa tayar da motar a kai a kai.

*Na'urar duba lafiyar injin.* Ƙananan na'urorin OBD da ake jonawa a karanta matsalar mota a waya ba su da aiki a 504 mai kafireta. An wajabta wannan soket a motocin Amurka ne daga 1996, Turai ta biyo baya, kuma yana magana ne da kwamfutar injin. Injin mai kafireta ba shi da kwamfuta. Abin da zai yi amfani shi ne mitar awon lantarki: batir mai lafiya na nuna kusan bolt 12.6 idan injin na kashe, idan yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Idan aka kunna duk sababbin kayan aka ga lambar ta faɗi ƙasa, an ɗora wa altanata abin da ya fi ƙarfinta.

*Kontak.* A cikin distiribita akwai kontak da ke buɗewa yana rufewa don ba filogi wuta, kuma yana cinyewa yana buƙatar saiti. Akwai na'urar lantarki da ke maye gurbinsa, tana zama a cikin distiribitar ba a ganinta. Mota na saurin tashi, saiti ya ragu. Wannan shi ne misalin canji mai kyau: yana da amfani kullum, ido ba ya ganinsa, kuma ana mayar da tsohon cikin ɗan lokaci. A bar tsohon kontak ɗin a aljihun dashbod saboda ranar da na lantarkin zai mutu a hanyar Birnin Gwari ko Potiskum, inda kowane bakanike ya san kontak.

*Wili.* Notin wilin 504 huɗu ne a kan da'ira mai milimita 140, ma'aunin da motocin yanzu ba sa amfani da shi. Wilin zamani ba zai shiga ba sai an sake huda ko an sa mahaɗi, kuma wurin da ke riƙe taya ba wurin gwaji ba ne. Wanke na asalin a fesa masa fenti ya fi arha ya fi aminci.

Manyan shawarwari

Na'urar sanyaya mota ita ce inda ma'aunin ke yin nauyi. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba zai kira ta ado ba. Idan motar ta zo da ita, a gyara ta, a kuma san cewa tsofaffin na'urori da gas ɗin R12 suke aiki, wanda aka daina yi saboda illarsa ga sararin samaniya, don haka sai an juya ta zuwa R134a. Idan ba ta zo da ita ba, sai an huda bangon da ke tsakanin injin da ɗakin fasinja don tiyo ya wuce. Huda biyu masu tsabta da aka shafa wa maganin tsatsa aka sa musu roba, a wurin da ba a gani, farashi ne da mutum zai iya yarda da shi idan hakan ne zai sa a riƙa hawan motar maimakon ta koma gindin bishiya. A dai tabbatar lagireto na da lafiyar ɗaukar ƙarin zafin.

Canja injin ya fi wannan nisa. Mutane da yawa na cire injin 504 su dasa na wata mota saboda shan mai ko saurin samun kaya, kuma hakan kan jawo yanka da walda a mazaunin injin da canjin giyabos. Injin 504 mai lita 1.8 ko 2.0 sauƙin gyara gare shi, kuma har yanzu akwai tsofaffin bakanikai da suka san shi kamar yunwar cikinsu. A fara gwada tayar da shi. Idan dole sai an canja, kada a sayar da tsohon wa 'yan gwangwan, a zuba masa mai a rufe shi a ajiye. Juya mota zuwa gas ɗin CNG ko zuwa lantarki ma a wannan layi yake: ana iya yinsa ta hanyar da za a warware. Jaguar E-type mai lantarki da Yarima Harry na Ingila ya tuƙa ranar aurensa a 2018 an tsara ta ne yadda za a iya mayar mata da injinta na fetur. Tambayar da za a yi wa mai aikin ita ce rami nawa zai huda, kuma me zai yanke.

Fenti kuma sau ɗaya mota ke da na masana'anta. Idan bai mutu ba, wanki da goge shi da man ƙyalli na iya dawo da shi fiye da yadda ake zato. Mai sha'awar wani launi daban yana iya naɗe motar da ledar launi da ake mannawa a ɓare daga baya, sai dai tana iya ɗago tsohon fentin da ya riga ya yi rauni, don haka a gwada a ɗan wuri tukuna. Canjin launi ko na injin yana nufin sai an gyara takardun mota su dace, in ba haka ba a sha tambaya a shingen hanya.

Zama da masu gyara

Yawancin ɓarnar da ake yi wa tsofaffin motoci ba da mugunta ake yin ta ba. Mai riwaya ya saba da motocin haya, inda abin da ake so shi ne a gama yau a koma aiki gobe, don haka yanke waya ya fi masa sauri. Mai gyaran jiki ya saba da jefar da tsohon abu. Mai mota ne zai faɗi abin da yake so tun farko, cikin girmamawa, domin galibi waɗanda suka san 504 sa'o'in mahaifinsa ne. Ya ce: “Baba, don Allah duk abin da za a yanke ko a huda, a kira ni tukuna, kuma duk abin da aka cire a ajiye mini.” Ya kawo kwali da ledoji da kansa. Ya yarda ya biya kuɗin ƙarin lokacin da aikin tsanaki ke ci, ya kuma riƙa leƙawa yana ɗaukar hoto.

Tsarin aikin ma yana da muhimmanci. A fara da birki da taya da tiyo, sannan injin, sannan lantarki, sannan jiki. Kayan waƙa da ado su zo ƙarshe. Kafin a saya su, a hau motar wata ɗaya ko biyu yadda take. Da yawa daga abubuwan da ke cikin kwandon sayayyar nan za su fita da kansu, wasu kuma da ba a yi tunaninsu ba, kamar rile na fitila, su shigo.

Idan aka bi wannan hanya, abin da za a samu shi ne 504 wadda tsohon abokin aikin Baba zai gani ya gane ta nan take, ya shiga ya tarar da dashbod da sitiyarin da ya sani, alhali waƙa na fitowa daga wayar da ke aljihun direba, cajar na ɓoye a ƙarƙashi, tiraka na aika wurin da motar take. A ɗaki kuma akwai kwali mai ɗauke da tsohon rediyo da kontak da filasha, kowanne da sunansa a jiki, da fulda mai hotuna da jadawali. Duk wanda motar ta koma hannunsa nan gaba, ɗa ne ko mai saye, zai iya buɗe kwalin ya mayar da ita yadda ta fito daga Kakuri, ko ya ɗora nasa a kai.